Hukuma Ba Ta Da Magariba

Abu biyu ne Inna ba ta kiran sunansu a gidanmu na Makera. Na farko ni ne, domin ni ne ɗanta na fari. Tun ina rarrafe har na yi gemu "wannan" take ce mini, in na ɓata mata rai kuwa, "kai wannan". Na biyu maciji ne. Da rana takan iya faɗa tana yamutsa fuska, amma da zarar rana ta faɗi sai dai ta ce igiyar ƙasa. A cewarta, in ka kira sunansa da magariba yana jin ka, kuma zai amsa kira. Na tashi da wannan a bakina kamar yadda na tashi da bisimilla, ban taɓa tsayawa na tambayi dalili ba.

Sai Allah ya jarrabci Inna da ɗa mai son macizai. Kada a ɗauka ni gardi ne. Ba ni da ganga, ba ni da laya, ban taɓa wasa a kasuwa ba. Yadda wasu ke kiwon tattabaru don sha'awa, haka ni da abokina Yohanna muke kiwon masu jan ciki. Tare muke aiki a ɗakin saƙa na wata masaƙa a Kakuri, in an tashi sai mu wuce gidansa a unguwar Television, inda muka haɗa kejuna da tsofaffin akwatuna a bayan ɗaki. Muna da kunkuru, muna da damo, da hawainiya, da ƙananan mesa irin waɗanda ba su da dafi. Matar Yohanna takan leƙo ta ce, "Mazan wasu suna majalisa, nawa yana kallon ƙadangare yana barci."

A nan na fara sanin malamin daji. Wata maƙwabciya ce ta kai ƙara cewa muna kiwon kada, sai ga wani dattijo mai suna Malam Tanko a kan tsohon babur, da kaki da fushi. Gaskiyar maƙwabciya, muna da ɗan kada guda da wani masunci ya ba mu, tsawonsa bai wuce kamu ba. Malam Tanko ya ɗauke shi nan take, Yohanna har da hawaye. Amma bai tafi ba. Ya zauna a kan turmi, ya sha ruwa, ya bi kejunan ɗaya bayan ɗaya yana gaya mana wanda doka ta yarda a riƙe da izini da wanda ko magana ba a yi.

"Ku saurare ni," in ji shi. "Abin da kuka ɓoye mini, nawa ne. Abin da kuka nuna mini, sai mu yi magana."

Daga ranar muka zama mutanensa. Duk sabuwar dabba shi muke fara kai wa labari, shi kuma yakan zo dubawa ya daɗe yana kallon damo fiye da yadda aiki ya buƙata.

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, kowa yana murna, mu kuwa injinan ɗakin saƙa suna yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Da sallama ta zo kaina, sai na tuna wani direba ya taɓa ba ni labarin cewa a ƙasashen gaɓar teku akwai gidajen da ake kiwon macizai a biya ka albashi. Na ce in dai ana biyan mutum don ya yi abin da nake yi kyauta, to, can ne garinmu.

Kwatano ce zangona na farko, kuma ita ta fara koya mini hankali. Ina sauka a tasha da jakata, ban san gabas ba ban san yamma ba, sai na ji Hausa a bayana, tatacciya, irin ta Zariya. Wani mutum ne fes da shi, da babbar riga da carbi, ya ce sunansa Alhaji Manu. Da na gaya masa abin da ya kawo ni sai ya riƙe baki.

"Allahu akbar! Malam Sale, ai kai Allah ne ya jefo ka. Gidan ƙanena ne, macizai har ba wurin taka ƙafa. Yau ɗin nan za ka fara."

Daɗin jin yarena ya rufe mini ido. Na bi shi har bayan gari, muka shiga wani gida mai doguwar katanga. Wari ne ya fara tarbata. Da idona ya saba da wurin sai na ga fatu a shanye a kan igiyoyi, na mesa da na guza, jere kamar wankin gidan biki. A gefe ga buhuna suna motsi. Wani ƙato ya miƙo mini wuƙa ya nuna mini benci. Ashe aikin feɗewa aka kawo ni, Alhaji Manu kuwa dillalin ma'aikata ne, ba shi da ƙane a wurin ko na nono. Na juya in yi masa magana, ya riga ya sulale, kuma jakata ta bi shi.

Ba zan ce na yi jarumta ba. Na ajiye wuƙar a hankali, na ce zan kama ruwa, na fita, ban sake waiwayawa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don jakar ba, ai tsummokara ne a ciki. Abin da ya tsaya mini shi ne buhunan nan masu motsi da na bari a baya ban iya yi musu komai ba.

A masallacin zango na fake. Wani mai shayi, Bazabarme, ya lura ina zama kusa da teburinsa ba na saye. Bai tambaye ni komai ba, ya turo mini kofi da rabin burodi ya ce in riƙe masa fanka in hura gawayi. Haka na yi ta hura masa wuta kwanaki, yana ciyar da ni. Da ya ji labarina ya yi dariya har ya zubar da madara.

"Kai dai Bahaushe da abin mamaki. Kowa na gudun abu, kai ka ƙetare ƙasa kana nemansa." Sannan ya ce, "Masu kiwon gaskiya suna Lome. Gobe ɗan'uwana zai kai albasa, ka hau bayan mota."

Lome ta karɓe ni da ruwan sama da warin albasa a jikina. Na sha yawo kafin in sami gidan Madam Afi, wata mace gajera mai murya kamar ta saje. Ba ta jin Hausa, ni kuma Faransancina bai wuce gaisuwa ba, amma ta yi zama a Gana, sai muka haɗu a turancin buroka. Ba ta tambaye ni takardar makaranta ba. Ta buɗe wani keji ta ce in ɗauko abin da ke ciki. Na sa hannu ta ƙarƙashi na tallabo mesar kamar yadda ake ɗaukar jariri, ban kama wuya ba. Ta dube ni ta ce in je in yi wanka, ina wari, gobe da safe in fito aiki.

A gidan nan na ga yadda ake zama da doka ba tare da ɓuya ba. Lokacin ƙwai, mutanen ƙauye sukan kawo uwayen mesa masu ciki, mu ajiye su har su yi ƙwai, mu kula da ƙwan har ya ƙyanƙyashe. Daga nan sai ma'aikatan gandun daji su zo da kakinsu kore, su duba kowane keji, su tsaya a kanmu mu mayar da uwayen daji tare da wani kaso na 'ya'yan. Sauran ne ake fitarwa da izini zuwa wurin masu sha'awa irina a ƙasashen Turawa. Madam Afi takan yi faɗa da ma'aikatan nan kamar za a doku, a ƙarshe kuma ta sa a kawo musu lemo. Ranar sakin uwaye ita ce ranar da na fi so. Ka buɗe buhu a gindin suri, ta leƙo, ta ɗanɗana iska da harshe, ta shige rami ba ko sallama.

Aiki ya yi mini daɗi, amma kewa ta ci ni. Tuwonsu na masara mai tsami ne, miyarsu kifi, kifi, kifi, har na fara mafarkin miyar kuka. Da asuba nakan farka ina jiran jiniyar masaƙa, sai in ji ƙarar teku. Wata rana na ga wata mata da zane irin saƙar Kakuri, na bi ta a baya cikin kasuwa kamar mahaukaci ina kallon zanen, har ta juyo ta zage ni da yarensu. Na ji daɗin zagin ma, don na ga zanen da kyau.

Abokan aikina sun gano halina da wuri. Duk yini ina kiran dabbobin nan da sunansu, amma da rana ta faɗi sai in koma nuni da baki. Sukan tsokane ni, su tambaye ni me ke cikin keji kaza, in ce, "Kun sani ai." Su fashe da dariya. Ban damu ba. Mutumin da ke kwana ɗaki ɗaya da macizai ba tsoro ne ya hana shi kiran suna ba, bakin ne kawai ba ya buɗuwa.

A cikin wata ƙyanƙyasa aka sami wata 'yar mesa mai ido ɗaya, wutsiyarta a karkace. Ba mai saye, kuma in an sake ta a daji ba za ta kai mako ba. Ta ƙi cin abinci, kowa ya fid da rai. Na ɗauke ta na kai ɗakina, na yi ta lallashi da 'ya'yan ɓera har ranar da ta karɓa. Irin mesar nan ce da in ta tsorata take dunƙulewa ta cusa kai a tsakiya, sak gammon da mata ke ɗora tulu a kai, don haka na sa mata suna Gammo. Ta girma a hannuna. In na dawo daga aiki nakan zauna in ba ta labarin Makera, da Inna, da gadar Kaduna, da Hausa. A duk Lome ita kaɗai ce ba ta taɓa ce mini ba ta gane ba.

Bayan 'yan shekaru saƙo ya zo ta bakin wani direba cewa ƙafafun Inna sun fara gazawa, kuma tana yawan tambaya ko "wannan" ya manta hanya. Na gaya wa Madam Afi zan koma. Ta yi faɗa, ta ce duk 'yan Nijeriya haka suke, sannan ta shiga ofis-ofis da kanta ta nemo wa Gammo izinin fita da na ratsa ƙasa da na shiga, kowanne da hatiminsa. Ta ce, "Ka tafi da makauniyarka. In ka bar ta nan, ni za ta dama."

Na zaɓi hanyar arewa ta cikin Benin don in kauce wa cunkoson Legas. Na yi wa Gammo akwatin katako mai ƙananan huji, na sa ta cikin jakar yadi, na rungume akwatin a cinyata. Ban gaya wa fasinjoji komai ba, su ma ba su tambaya ba. Tafiya ta yi kyau har muka wuce Faraku. Can gaba, daidai rana ta faɗi, sararin sama ya yi ja, sai muka iso wani shinge na ma'aikatan gandun daji a bakin wani daji da ake karewa.

Wani matashin ma'aikaci, kakinsa a goge kamar ranar ya karɓo shi, ya sa kowa ya sauka da kayansa. Ya zo kaina ya nuna akwatin ya yi tambaya da Faransanci. A motar akwai wani ɗan kasuwar atamfa da ya yini yana nuna mana ya iya Hausa, alhali Hausar tasa ta cinikin goro ce. Ya yi tsalle ya zama tafinta.

"Ya ce, mene ne ciki?"

Ga izini a aljihuna, ba abin da nake ɓoyewa. Da da rana ne da na faɗa kai tsaye. Amma magariba ce, har ina jiyo kiran salla daga wani ƙauye. Bakina ya yi abin da ya saba.

"Igiyar ƙasa ce," na ce, ina laluben aljihu.

Tafinta ya kama "igiya" ya yar da "ƙasa". Ya juya ya gaya wa ma'aikacin cewa igiya ce. Ma'aikacin ya rubuta, ya ɗaga kai, ya dubi hujin da ke jikin akwatin. Ko ni ne shi zan yi mamakin igiyar da ke buƙatar shan iska. Kafin in fito da takardun ya ɓalle murfin ya zura hannu cikin jakar.

Ihun da ya yi, na tabbata an ji shi a Faraku. Fasinjoji suka watse, wata mata ta haye kan buhun doya, tafinta kuwa ban san lokacin da ya koma cikin mota ya rufe gilashi ba. Gammo, baiwar Allah, ta dunƙule ta cusa kai, ita ta fi kowa tsorata. Na miƙa takarduna da hannu biyu. Matashin ya karɓa, ya duba, ya ga hatimi, amma kunya ta riga ta zama fushi. Ya nuna abin da ya rubuta, ya nuna akwatin, ya yi ta maimaita kalma ɗaya. Daga baya na gane cewa yake na yi wa hukuma ƙarya. Ya ɗauki akwatin ya kulle a wani ɗaki, ya ce sai babbansu ya zo gobe. Direba ya sauke jakata, ya ce Allah ya fid da ni, mota ta tafi.

A kan bencin shingen na kwana. Da safe wata mai sayar da shinkafa da wake a gefen hanya, Bahaushiyar zango, ta kawo mini kwano ba tare da na tambaya ba. Ita ta fayyace mini inda na tsaya.

"Ɗan'uwana, takardarka ba ta da laifi, bakinka ne ya ja maka. A nan in ka faɗi abu aka ga wani, kayan ya zama nasu. Kai za su sake ka. Ita kuwa ko su jefa ta daji, ko ta bi ta hannun masu fata."

Na ajiye kwanon. Dabbar da ba ta taɓa kama ɓera da kanta ba, mai ido ɗaya, a jefa ta daji? Na tuna buhunan Kwatano. Ɗakin da aka kulle ta kuwa rufin kwano ne, rana tana dukansa. Na roƙi matashin da hannu da ido ya bar ni in yayyafa wa jakar ruwa. Ya ƙi, ya ƙi, can da azahar ya buɗe ya tsaya daga nesa yana kallo. Na taɓa ta, ta motsa. Na ce mata ta yi haƙuri, wautar ubangidanta ce.

Sai bayan la'asar babban ya iso a wata tsohuwar mota. Dattijo ne baƙi, dogo, da furfura a gefen kai da tsage a kumatu, mutumin arewacin ƙasar. Ya zauna ƙarƙashin bishiyar mangwaro aka kawo masa kujera, ya saurari yaronsa, ya karanta takarduna a tsanake. Sannan ya dube ni ya yi magana da Hausa, irin ta wanda ya tashi kusa da zango.

"Malam, takardunka sun fi na mutane da yawa kyau. Me ya sa mai irin wannan takarda zai yi ƙarya?"

"Ranka ya daɗe, ban yi ƙarya ba. Igiyar ƙasa na ce. Haka muke faɗa in rana ta faɗi."

"Yarona ya rubuta igiya. Shaidu sun ji igiya. Ka san masu fasa-ƙwauri nawa ke wucewa nan? Wannan ya ce doya ce, wancan ya ce tsumma ne. In na karɓi naka, gobe kowa zai zo mini da al'adar garinsu."

Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na ba shi labarin Malam Tanko, na ba shi na Madam Afi, na ba shi na idon Gammo. Yana ji yana gyaɗa kai, amma bai motsa daga inda ya tsaya ba. Mutum ne mai son magana, ya yi mini dogon bayani a kan yadda maciji ke raguwa a dajin nan, yadda maciji ke cinye ɓerayen gona, yadda in maciji ya ƙare manomi ne zai yi kuka. Maciji, maciji, har na daina ƙirgawa. Muna cikin haka inuwar mangwaro ta miƙe ta ɓace, mai shinkafa ta fara haɗa kwanukanta, kiran salla ya taso daga ƙauyen jiya.

Dattijon ya yi ajiyar zuciya ya dafa gwiwa. "To, bari mu gama. Je ka ɗauko mini... abin nan. Mai jan cikin nan taka. In gan ta da idona kafin in sa hannu."

Na miƙe, sai na tsaya. Wani abu ya faɗo mini. Na san wasa da mai kaki ganganci ne, amma ba abin da ya rage mini.

"Ranka ya daɗe, wace?"

"Wadda ke cikin akwati mana."

"Ai ban gane ba. A faɗa mini sunanta, kada in ɗauko abin da ba shi ba, a ce na sake yi wa hukuma ƙarya."

Ya buɗe baki. Na ga leɓensa ya haɗu zai fito da kalmar da ya yini yana faɗa. Ya ɗaga ido ya dubi jan sararin sama, ya dube ni, ya rufe bakin. Mai shinkafa ta ajiye kwano tana kallo. Har na fara nadama. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke sa mutum tari.

"Kai, ɗan Nijeriya! Allah ya shirye ka." Ya share ido. "Kakata ce. In ka faɗa da dare sai ta fasa maka baki da ludayi. Shekara da shekaru ina wannan aiki, da makarantar da na yi, ban taɓa lura har yau ba na faɗa ba."

Ya kira matashin ya yi masa bayani da Faransanci. Yaron ya so ya yi gardama, dattijon ya yi masa wata tambaya, sai na ga ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ina jin shi ma yana da kaka. Aka soke abin da aka rubuta jiya, aka sake rubutawa daidai, aka buga hatimi. Da na ɗauko akwatin dattijon ya leƙa ya daɗe yana kallon Gammo, ya ce idon nata ɗaya ya fi na wasu biyu. Sannan ya riƙe hannuna, fuskarsa ta koma ta aiki.

"Ka ji ni da kyau. Ni na gane, na gaba ba zai gane ba. Hukuma ba ta da magariba. Duk mai kakin da ya tambaye ka, ko tsakar dare ne, ka kira ta da sunanta da ƙarfi, kafin ya taɓa murfi. Ka yi mini alkawari."

Na yi masa alkawari. Shi da kansa ya tsayar mini da motar da ta kai ni iyaka.

Na kuwa cika alkawari har na wuce gona da iri. Daga nan zuwa Kaduna shingaye ba iyaka, kuma a kowanne, kafin mai kaki ya gama buɗe baki, sai in ce, "Maciji ne, ga izini!" Na farko da na faɗa da duhu, sai da na duba ƙasa. Ba abin da ya zo. A na gaba ya fi sauƙi. Wani ɗan sanda ya ja da baya har ya taka ƙafar abokinsa, ya ce in wuce, in wuce, ba ya son gani. Fasinjoji kuwa suka bar mini kujera guda ni kaɗai, ban taɓa tafiya cikin walwala irin wannan ba.

Na shigo Kaduna da yamma. Mai acaɓa ya ɗauke ni, akwati a tsakaninmu, ban gaya masa ba don bai sa kaki ba. Da muka hau gada na ga kogin yana nan yadda na bar shi, sai hawaye ya zubo mini, na bar shi ya zuba. Garin ya sauya, an yi rikici an sha wahala a bayana, mutane da yawa sun canza unguwa, bututun masaƙu ba hayaƙi. Amma na biya Television na tarar da Yohanna a bayan ɗaki yana ba kunkuru latas. Ya rungume ni har na kusa sakin akwatin. Ya ce duk abin da aka yi bai bar dabbobinmu da yunwa ba, kuma Malam Tanko ya yi ritaya amma har yanzu yana zuwa kallon damo. Muka yi alkawarin gobe da safe za mu kai masa Gammo da takardunta, a yi magana.

Ana kiran magariba na yi sallama a gidanmu. Inna tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, ƙafafunta a miƙe, buta a gefenta. Ta tsufa. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta kawar da kai kamar jiya na fita, don ba a yi wa ɗan fari rawar jiki. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a gajarce, ta tambayi hanya, sannan ta nuna akwatin da haɓa.

"Wannan kuma mene ne ka rungumo kamar jariri?"

Bakina ya riga hankalina. Na ɗago kai na faɗa da ƙarfi, yadda na saba a hanya.

"Maciji ne, ga izi..."

Ban san ƙafafun da aka ce sun gaza suna da sauran ƙarfi haka ba. Mafici ya sauka a kaina kafin in rufe baki.

"A'uzubillahi! Da magaribar nan? A gidana? Igiyar ƙasa, kai wannan, igiyar ƙasa! Abin da ka je ka koyo ke nan a ƙasar mutane?"

Na dafe kai ina dariya, hawaye na zuba, ita kuma tana ta faɗa tana tofa addu'a gabas da yamma. Tun da na bar gida ba wanda ya ce mini "kai wannan". Da ta gaji ta tsaya tana haki, ta saci kallon akwatin, ta saci kallona. Ta jawo buta ta fara alwala, ta yi magana ba tare da ta dube mu ba.

"Wannan, shigar da waccan ɗaki ka rufe da kyau. Ka zo ka ci tuwo kafin ya huce, miyar kuka ce."